Ranar Da Za A Kulle Janareto

Tun da kamfanin jaridar ya buga a shafin farko cewa zai daina ƙona man dizal don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, Yaya bai ƙara cin abinci ya ƙoshi ba. Shi ne mai kula da janareto. Sarkin Hayaƙi ma'aikata suke ce masa, don ko da wane sabulu ya yi wanka, warin dizal ne yake riga shi shiga ɗaki. Yanzu an shimfiɗa farantan sola a kan rufi, an jera batura a tsohon sito, yau kuma za a garƙama wa ɗakin janareto kwaɗo a gaban baƙi.

Auta, ƙanwarsa, a sashen naɗi take, inda ake jera jaridu a ɗaure su. Tana tsaye da igiya a hannu da safe ta ji Manaja ya tare Yaya.

"Ka buɗe kunnenka da kyau. In aka gama bugun yau babu hayaƙi, kai za ka riƙa kula da batura da wanke faranti. In kuwa janareton nan ya yi ko tari alhali baƙi suna nan, ka ajiye makulli ka kama gabanka."

"To, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

Auta ta tuna matarsa da tsohon cikinta, ta tuna mahaifiyarsu da ke zaune a gidansa. Igiyar ta suɓuce mata.

Ita ma da tata damuwar. An zaɓe ta ta kai wa baƙi jaridun farko da za su fito daga inji, a babban zauren taro. Ita da ko gaisuwa sai an ce ta ɗaga murya. Kwana da kwanaki ke nan tana gwada tafiyar a ɗakinta, tana tuntuɓe da tabarma.

Da azahar aka tayar da inji, ƙasa ta ɗauki rawa kamar kullum. Ba a jima ba hasken da ke shigowa ta taga ya dushe. Hadari ne baƙi ƙirin ya taso ya rufe rana.

Auta ta leƙa sito. Yaya na tsugune gaban allon batura, sabuwar rigar da aka ba shi don hoto ta jiƙe sharkaf. Fitilar allon da ta wuni kore ta koma ruwan ɗorawa.

Sai ga Baban Inji, dattijon da ke tuƙa injin bugu, ya faɗo ɗakin hannuwansa baƙi da tawada.

"Kai, Sarkin Hayaƙi! Ƙarar injina ta canza. Tashi ka kunna tsohuwar matarka, janareto!"

"Baba, ka ji abin da Manaja ya ce."

"Manaja ne zai kwance mini takarda? Ka san halin injin nan. In ya kama gudu ba a tsayar da shi da ƙarfi. Wuta na ɗaukewa takarda za ta tsinke ta nannaɗe ƙarafa, tawada ta bushe a kai, sai mu wuni gobe muna kankara. Jarida ba za ta fita ba. Kuma wa kake tsammani za a kama? Mai wuta!"

Yaya ya share fuska da gefen riga. "Na kashe fitilun ofisoshi, na kashe firij, har fankar maigadi na kashe. Iyakwandishan ɗin zaure ne suke zuƙe batura. Tun da safe na roƙi Manaja a bar su a kashe, ya ce baƙinsa ba za su zauna cikin zafi ba."

"To je ka kashe su mana."

"Makunnin yana bango, daidai bayan inda yake tsaye yana jawabi. In ratsa baƙi in tura shi gefe?"

"To kunna janareto! Ni dai na faɗa maka." Baban Inji ya juya da sauri. A bakin ƙofa ya ga Auta. "Ke kuma Sarauniyar Kunya, me kike jira? Ga jaridunki can sun fito, kwashi ki kai."

Fitilar ta koma ja. Auta ta ga Yaya ya zaro makullin janareto daga aljihu, yana jujjuya shi.

"Yaya," ta ce, "kar ka kunna tukuna."

Bai ma ji ta ba.

Ta rungumi jaridun, da ɗuminsu. Zauren ya yi sanyi kamar cikin randa. Baƙi sun cika kujeru, masu ɗaukar hoto sun jeru a gefe, Manaja yana kan mumbari yana bayanin irin hayaƙin da kamfani zai daina turawa sama. Ya hango ta, ya yi mata alama da ido ta fara rabawa daga layin gaba.

Ta wuce layin gaba. Ta hau matakala, ta bi ta bayan Manaja har gefen jaridun ya goge masa riga, ta laluba bango ta danne makunnin.

Iyakwandishan suka yi shiru. Manaja ma ya yi shiru. Daga can ƙasa aka jiyo ƙarar inji ta ɗan miƙe.

"Ke! Mene ne haka?" Manaja ya rage murya, amma ya manta lasifika na gabansa, kowa ya ji.

Auta ta so ƙasa ta tsage ta shige.

"Inji ne, ranka ya daɗe," ta ce tana kallon takalminsa. "Wuta ba ta isa. Hadari."

Ba wanda ya motsa. Manaja ya dubi makunnin, ya dubi taga, ya dubi baƙi. Hannunsa ya ɗaga zuwa bango ya tsaya a hanya. Wata dattijuwa mai tabarau a layin gaba ta miƙo hannu.

"'Yata, ba ni jaridar nan in yi fifita. A buɗe mana tagogi mana, ai iska muka zo karewa."

Aka ɗan yi dariya. Manaja ya sauke hannu, ya ci gaba da jawabi, ya yi ta jan sa yana kasa kunne ƙasa. Auta ta bi layi tana rabawa, kunnenta yana can bayan gini, tana jiran tarin janareto. Baƙi suka yi ta fifita, zufa na keto musu. Ƙarar injin ta riƙa sauka a hankali, irin saukar da Baban Inji yake yi masa da hannunsa in bugu ya kammala, har ta mutu.

Janareto bai yi tari ba.

Yayyafi ya fara lokacin da aka fita tsakar gida. Yaya ya danna kwaɗo, aka ɗauki hoto, bai iya murmushi ba. Da baƙi suka watse Manaja ya karɓi makullin janareto ya miƙa masa na sito.

"Gobe ka karɓi bokiti da tsani." Ya juyo kan Auta. "Ke kuma ki same ni a ofis da safe."

Yaya dai ya riga ya damƙe makullin a tafinsa.

Baban Inji ya fito yana goge hannu, ya ɗaga kai ya ga ruwa na zuba a kan faranti.

"Ka ga ɗan gata. Ranar farko, sama ta yi masa wankin."

Yaya ya dubi ƙanwarsa.

"Auta, kin ci abinci kuwa?"

Ta girgiza kai.