Jan Fenti a Jikin Gawo

Labbo na tsaka da noma a gonarsa ta Birnin Tudu, ya ɗaga kai ya hangi jan fenti a jikin gawon tsakiyar gona. Ya yar da fartanya ya zagaya. Sauran itatuwan gawo shida da ke gonar ma duk an shafa musu.

Maƙwabcinsa Jatau, wanda labari ba ya kwana a bakinsa, ya leƙo ta kan iyaka. "Mutanen ƙungiyar dashen icce na. Sun ce duk iccen da ya mutu a sare shi a dasa sabo. Gobe masu zarto na tahe."

"Ya mutu? Wa ya yi mai wanka?"

Dariyar Jatau ba ta sanyaya masa rai ba. Itatuwan nan bakwai mahaifinsa ne ya bar masa su, tare da doka guda: in kana sharar gona ka ga tsiron gawo, kada ka tuge shi, ka sassabe masa ka bar sanda ɗaya ta miƙe. Su ke tare masa iska, ganyensu ne takinsa, 'ya'yansu kuma abincin awakinsa.

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara na ci, don haka a matse ya isa garin, tsakanin buhun albasa da wani rago marar kunya. A ofishin ƙungiyar ya tarar da Nazir, matashi mai fara'a, tashin birni. Labbo ko gobara ake yi sai ya gama gaisuwa. Sai da ya tambayi gida da aiki da ruwa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Nazir ya nuna masa hotuna a waya. "Baba, ni na shafa fentin. Duba fa, tsakiyar damina, ko'ina kore shar, amma su ko ganye ɗaya babu."

"Ɗana, halin gawo ke nan. Da damina shi ka zubda ganye don gero shi samu rana. In rani ya yi, kowa ya bushe, sannan shi ka sa riga."

Nazir ya yi murmushin da ake yi wa tsoho in ba a son musu da shi. "Allah ya ba ka haƙuri, Baba. An riga an tura rahoto."

Labbo ya miƙe yana neman takalmansa, sai idonsa ya sauka kan wani babban hoto a bango. Itace ne kore luf-luf a tsakiyar ƙasa busasshiya, awaki kwance a inuwarsa. A ƙasa an rubuta: Mutanen karkara, masu gadin ƙasa.

"Wa ya ɗauki wanga?"

"Ni ne, Baba, a watan Maris," in ji Nazir da alfahari. "Irin wannan muke so kowace gona ta samu."

"Madalla. Gorar ga da ke rataye ga reshe tawa ta. Akuyar ga mai baƙin kunne ta Kubura ta, mai ɗakina. Buɗe wayarka ka dubi karyayyen reshen ga."

Nazir ya dubi bango, ya dubi waya, ya sake duban bango. Karyayyen reshen nan ne, ba ƙari ba ragi, sai dai na wayar da jan fenti a ƙarƙashinsa. Kunya ta rufe shi har ya kasa haɗa ido da tsohon. Nan take ya kira masu zarto ya ce su dakata.

Da ya ajiye wayar, muryarsa ta yi ƙasa. "Baba, ba naka kaɗai ba ne. Tsakanin Bakura da Kaya, waɗanda na shafa wa sun fi ɗari biyu, kuma ban san wanne ne mataccen gaske ba."

Labbo ya tuna da fartanyar da ya yar a kunya, da ciyawar da ba ta jiran kowa. Ya gyara zaman hularsa.

"To ɗauko mashin ɗinka. Kai ka tuƙi, ni in nuna hanya."