Ƙugiyar Shulan

Guo Shulan ta cusa ƙugiya tsakanin haƙoran matsefin masaƙa, ta kamo wayar da mijinta Baozhu ya miƙo daga baya, ta jawo. Wayar ƙarfe ce marar tsatsa, ko silin gashi ya fi ta kauri. Tun aurensu haka suke saƙar ragar waya a garin Anping na ƙasar Sin, shi miƙo, ita zura, kowane haƙori da wayarsa.

Tun bara Baozhu ba ya karɓar aiki sai ragar taga mai manyan idanu, saƙar ɗaya sama ɗaya ƙasa, wai kasuwa ce ta ja. Matar da duk unguwa ta san ta da aiki mai laushi, ina za ta yarda a mayar da ita mai tare sauro? Yana fita kai kaya ta karɓi aikin ragar masu tace magani, saƙar biyu sama biyu ƙasa, mai santsi kamar alharini. Da ya ji, ko kunun geronsa bai shanye ba.

Ran da injin ya sauke yankin farko, suka shimfiɗa shi a teburin gilashi mai fitila a ƙasa.

"Ya fito?" in ji Shulan.

"Tas," ya ce, yana duban ƙofa.

Ta sunkuya, ba ta ga komai ba sai fari fat. Ta shafa da tafin hannu, farcenta ya sarƙe. Layi ne tun daga sama har ƙasa, inda waya biyu suka shiga haƙori ɗaya. Ta matsa gaba, ga wani, ga wani kuma. Tsoro ya kama ta, irin wanda ta daɗe tana kora.

"Tsoho, tas ka ce?"

"Fitilar ce, ta tsufa."

"Kai ne ka tsufa. Tun yaushe ka sani?"

Ya sosa ƙeya. "Tun da kika daina ganin maiƙo a rigata."

Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi. Ashe ba kasuwa ba ce ta sa ya koma ragar taga, idanunta ne.

"A kira 'yar maƙwabta, ta gidan Niu, ta sake zurawa," ya ce a hankali. "Ke ki huta."

"Wata ta hau kujerata ina raye? Kawo almakashi."

Da hannunta ta yanke wayoyin. Ta nuna masa kujerarta, sannan ta miƙa masa ƙugiyar, ta zagaya baya ta zauna a tasa.

Baozhu ya riƙe ƙugiyar, tsininta na kaɗawa a haƙoran matsefi, ƙis, ƙis, ƙis.

"Tsohuwa," ya ce, "hannun nan rawa yake yi."

"Na sani. Tun bara nake jin ta a waya."

Ta zura hannu ta ƙarƙashin matsefin, ta kama wuyan hannunsa ta riƙe gam.

"To, duba da kyau," ta ce. "Wane haƙori?"