Gurbin Iliyasu a Filin Langa

A lakwal ɗin Matameye, wato makarantar bokon garin, in aka ce langa, sunan Muntaka ake fara kira, shi kuwa ba ya ƙin a kira. Yaro ne siriri mai dogon wuya, in ya kama yatsan ƙafarsa ta baya ya fara tsalle da ƙafa ɗaya, sai ka rantse ƙasa ce ke tura shi. Shi ne ruwan ƙungiyarsu, wato ɗan wasan da ake karewa har ya kai wurin sha. Wurin shan nasu wani tsohon gawo ne a ƙarshen fili. In ya taɓa gawon sun ci, in kuwa aka kayar da shi a hanya ko ya saki ƙafa, an cinye su.

Wanda ba a cika kira ba shi ne Iliyasu, maƙwabcinsa, kuma abokin zamansa a benci ɗaya tun ajin farko. Iliyasu gajere ne kakkaura, tsallensa ma ba kyan gani, kamar ana jan buhu. Aikinsa ya shiga gaban Muntaka ya tare duk wanda ya nufo shi da kafaɗa. Kafin kowane wasa magana ɗaya yake yi masa:

"Kai dai dubi gawo. Kada ka waiwaya."

Muntaka kuwa ba ya waiwaya. Sai ya taɓa gawo, an ɗaga shi sama ana ihu, sannan ya juyo ya hango Iliyasu zaune a tsakiyar fili yana tofar da yashi.

"Kai kullum a ƙasa!" Muntaka zai ce yana dariya. "Ko gona kake nema a nan?"

"Ka sha?" in ji Iliyasu.

"Ba ka gani ba?"

"To, madalla." Sai ya miƙe yana murza kafaɗa. Yaro mai farin jini bai cika tunani ba, don haka Muntaka bai taɓa mamakin mutumin da ke tambayar abin da kowa ya gani ba.

Sai aka yi daminar nan da ta yi wa kowa rowa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, rumbuna suka kwana biyu ba a leƙa su ba don babu abin leƙawa. Tafiya cin rani ba baƙon abu ba ne a Matameye, magidanta kan tafi Kano ko Daura bayan girbi su dawo kafin shuka. Amma a bana da wuri aka tashi, kuma ba maza kaɗai ba, har mata da yara da turmi. An rufe iyakar ƙasa, sai ta hanyar daji ake bi a ƙafa. Mahaifin Muntaka ya tafi shi kaɗai kamar yadda ya saba. Mahaifin Iliyasu kuwa ya ce ba zai bar kowa ba.

Da safen da za su tafi, Iliyasu ya sauke ƙunshin da ke kansa a ƙofar su Muntaka.

"Kafin wasan biki zan dawo," ya ce. "Ka riƙe mini gurbina, kada a saka kowa."

Bikin da yake nufi shi ne na bazara, ranar tunawa da karɓar mulkin soja, wanda samariya, ƙungiyar matasan gari, ke shiryawa. A ranar ne za su kara da lakwal ɗin Kance, masu ƙartin yara da suka daɗe suna cika baki.

"Na riƙe," in ji Muntaka.

Ya kuwa riƙe, har abin ya zame masa ciwo. An toshe ƙofar gidan su Iliyasu da ƙaya, kuma ta nan yake wucewa kullum, ya tafi lakwal ya dawo. Wani lokaci yakan tsaya ya leƙa ta saman danga. Babu komai sai murhu mai sanyi da wani fasasshen tulu. A aji bencin ya yi masa faɗi, amma duk da haka gefe ɗaya yake takurewa. Kowane mako ajin na raguwa. Yau a ce wane ya tafi, gobe a ce gidan su wance sun bi dare, har Mushe Bawa, malaminsu, ya daina tambayar ina wane. Da aka fara rabon jar dawa, Muntaka kan bi uwarsa layi, sojoji na tsaye da bulala suna gyara sahu, shi kuma yana ta duba fuskokin mutane ko zai ga wanda ya sani. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, ga shi ba shi da wanda zai gaya wa, don wanda yake gaya wa irin wannan shi ne ya tafi.

Ko gawon ma bai tsira ba. Masu awaki sun sare rassansa sun ba dabbobi, ya rage kututture da 'yan ganye a can ƙoli.

Mushe Bawa bai daina fitar da su fili ba. Mutum ne mai taurin kai irin na alheri, cewa yake yaron da ya daina wasa ya kusa daina zuwa lakwal. Sai dai manyan yaran duk sun tafi, 'yan ƙanana ne suka rage. Cikinsu akwai Ɗanladi, wani ɗan firit da iyayensa suka taso daga ƙauyen Yauri suka zauna a bakin gari saboda rabon hatsi. Ba ya yawan magana, amma in ya kama ƙafa, fara ce kawai.

A wajen gwaji Muntaka ba ya yarda kowa ya tsaya gabansa. Haka zai bar wurin wayam ya yi ta tsalle, a bangaje shi ya faɗi, ya tashi ya sake. Da, ko sau ɗaya kafaɗar wani ba ta taɓa samunsa ba. Yanzu kuwa yaron da bai kai shi ba ma sai ya kayar da shi.

"Muntaka," in ji Mushe Bawa wata rana, "wannan wurin da kake bari, iska ce za ta tare maka 'yan Kance?"

"Na Iliyasu ne, Mushe. Yana zuwa."

"Allah Ya kawo shi. In bai zo ba fa?"

"Ya ce zai zo."

Mushe ya ƙyale shi.

Ana saura kwanaki kaɗan biki, aka ce Garba, ƙanen mahaifin Iliyasu, ya ratso daji ya dawo don ya duba tsohuwarsa. Muntaka bai tsaya cin abinci ba, ya same shi a ƙofar gida yana shafa wa faso man shanu.

"Baba Garba, sannu da hanya. Ina Iliyasu?"

"Yana Kano, lafiya lau. Dako yake yi a kasuwa, yana tura baro. Ai yaron akwai ƙarfi, shi ke taimakon ubansa yanzu."

"Yaushe zai dawo? Biki ya kusa."

Garba ya ɗago kai. "Wane biki? Kai yaro, ya dawo ya ci me? Ubansa ya ce zancen lakwal ya ƙare."

Muntaka ya ce, "Bai ba ka saƙo ba?"

"Ya ce in gaida gida."

"Ni fa? Bai ambace ni ba?"

"To kai ba a gida kake ba?" in ji Garba, ya koma kan ƙafarsa.

Ba mugunta Garba ya yi ba, gajiya ce. Amma Muntaka ya tafi da maganar kamar ya haɗiyi tsakuwa. Ya je ya zauna gindin gawo, ya yi fushi da Iliyasu, ya yi fushi da Kano da bai taɓa gani ba, daga baya fushin ya ƙare, kewa ta rage. Alkawarin dai na nan, an ce kada a saka kowa. Ya juya abin, ya sake juyawa.

Washegari ya tare Mushe Bawa a ƙofar aji.

"Mushe, a ba Ɗanladi ruwa. Ni zan shiga gaba."

"Kai? Da wannan kafaɗar taka kamar kara?"

"Ni ne babba yanzu. Kuma gurbin Iliyasu ba zan bari wani ya tsaya ba."

Ranar biki rana ta buɗe sosai. An kafa rumfa, wani babban soja da ya zo daga Damagaram na zaune a tsakiya, makaɗan samariya na ta kiɗa ko da yake 'yan kallon ba su kai rabin na bara ba. 'Yan Kance ma yunwa ta rage su, amma akwai wani ƙato a cikinsu da ko fari bai iya da shi ba. Muntaka ya dubi Ɗanladi, ya ga tsoro ya kama shi. Ya nemi abin da zai ce masa, bai sami wata magana ba sai wadda ya sani.

"Kai dai dubi gawo. Kada ka waiwaya."

Aka busa usur. Muntaka ya kama yatsa ya shiga gaba. Na farko ya zo, ya kauce masa ya ture shi ta gefe, yaron ya saki ƙafa. Na biyu ya same shi a haƙarƙari har numfashinsa ya ɗauke, amma bai saki ba. A bayansa yana jin 'yar ƙafar Ɗanladi, tif, tif, tif. Sai ga ƙaton nan ya taho, idonsa ba a kan Muntaka yake ba, a kan ɗan yaron yake. Da can, nan ne Muntaka zai goce ya wuce abinsa, jikinsa ma ya so ya goce. Ya dai runtse ido ya sa kafaɗa.

Ji ya yi kamar ya yi karo da bango. Su biyun suka zube tare, ƙaton a kansa, fuskarsa a cikin yashi mai zafi. Bai ga komai ba. Kafaɗarsa na zogi har cikin kunne, bakinsa cike da ƙasa. Can sai ya ji ihu ya tashi daga wani wuri, kiɗa ya ƙaru, amma bai san na wane ɓangare ba ne, ko nasu ne ko na Kance.

Da ƙaton ya sauka daga kansa, Muntaka ya tashi zaune da ƙyar. Kowa ya gudu wajen gawo, ƙura ta rufe wurin, baya kawai yake gani. Shi kaɗai ne a tsakiyar fili. Ya tofar da yashi, ya murza kafaɗa, sai hannunsa ya tsaya cik, don ya san wanda ke yin haka. Duk shekarun nan da ake ɗaga shi sama, nan Iliyasu yake zaune, bai taɓa ganin ya taɓa gawon ba ko sau ɗaya. Shi kuwa da ya juyo, dariya yake yi masa. Muntaka ya so ƙwarai a ce Iliyasu na kusa, ko da bayan danga ne, ya gaya masa ya gane. Hawaye suka zubo suka haɗu da ƙasar fuskarsa, kuma babu wanda ya lura.

An jima kaɗan Ɗanladi ya zame daga hannun mutane ya rugo, yana haki, haƙora duk a waje. Ya tsaya a kansa.

Muntaka ya ɗago ya dube shi.

"Ka sha?"

"Ba ka gani ba?" in ji Ɗanladi.

Muntaka ya share ƙasar fuskarsa.

"To, madalla," ya ce.