Martina da Bangon Baba Nwachukwu

Benen da muke haya a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya girmi uwata. Jan bulo ne, laka aka sa tsakaninsu, ba siminti ba. A daminar 1989 fuskar gidan ta fara ciki, ta turo gaba, bulo yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Mai gidan, Baba Nwachukwu, tsohon direban jirgi ne, ba shi da komai a duniya sai benen nan. Ko ƙusa ka buga a bangon sai ya kai ƙararka wurin fasto.

To, ana cikin haka Martina, matar Zamani magini da ke ɗakin ƙasa, ta samu ciki bayan shekara da shekaru ana addu'a. Murna dai mun yi ta, amma cikin ya zo da fitina. Tuwon acca, amai. Kunu, amai. Ta rame har na ji tsoro, Allah ya sani. Abu ɗaya ke kwantar mata da zuciya: ta ɗan tsotsi lakar da ke tsakanin bulon fuskar gidan, sai abinci ya zauna. Na sayo mata farar ƙasa a kasuwa, ta ce ba ta da ƙanshin ruwan sama. Ka ji mini iyayi!

Zamani kuwa ya fi kowa sanin ɓarnar. Shi ya ce mana in lakar ta zube, ruwa zai shiga, bulo ya saki ɗan'uwansa. Amma shi ɗin ne ke fita da cokali yana ƙwaƙulo mata, yana kallon hagu da dama kamar ɓarawon kaza.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Lahadi mun dawo sujada, ina biye da Baba, muka tarar da Zamani a tsugune yana ƙwaƙular bangon. Na ce a raina yau kayansu a titi za su kwana, da cikin da komai.

Zamani bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da ke akwai. Baba ya daɗe yana shafa ramukan da yatsa.

“Kai magini ne. Bangon nan, saura damina nawa?”

“Ba zai wuce biyar ba, Baba.”

“In ta ci gaba fa?”

Zamani ya sunkuyar da kai. “Huɗu.”

Baba ya ɗaga ido ya dubi benensa tun daga rufi har ƙasa. Tausayinsa ya kama ni, don na san ba shi da wurin zuwa in ya faɗi. Sai ya karɓe cokalin, ya goge shi da rigarsa ta zuwa coci.

“Nan rana ta busar da shi,” in ji shi. “Zo ta ƙarƙashin taga, can ya fi laushi.”