Ɗakin da Ya Daina Wari

"Wallahi Mama, sun ce warin ya ƙare," in ji surukar Malama tana shanya kayan aikin mijinta Auta. "Tun da aka taɓa injin, ɗakin famfo fes yake. Shi ya sa yau zai sauka cikin ramin ya buɗe bututun da ya toshe."

Malama ta jawo hannun rigar ta shinshina. Wanki biyu aka yi mata, amma warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nan daram. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da kimiyya a sakandare, ba ta taɓa jin inda kashin shanu ya tuba ba.

"Wa ya ce?"

"Kowa ma haka yake faɗa."

"Kowan nan dai ban koyar da shi ba. Idon Auta fa, har yanzu ja?"

"Ya ce rashin barci ne."

Malama ta ɗauki jakarta ta fita neman mota.

Gonar da Auta ke aiki tana bayan gari. Shanu ɗari uku, duk kashinsu ana kora shi da ruwa zuwa wani ƙaton tafki da aka rufe da baƙin tamfol. Tamfol ɗin ya kumbura ya yi tsauri kamar cikin mushe. Daga nan bututu ke jan iskar gas zuwa ɗakin famfo, a tace ta, a ɗura wa taraktoci maimakon dizal. Malama ba ta ƙi dabarar ba, ita ce ma ta ce wa autan nata ya karɓi aikin. Sai dai ta san iskar da ke tuƙa tarakta ba ta da wari ko kaɗan. Mai warin wata ce da ke rako ta, kuma ita guba ce.

Manajan, wanda tsohon ɗalibinta ne, ya taso da fara'a. "Malama da kanta! Jarrabawa aka zo yi mana?"

"Kai da ka sha da ƙyar? Gaya mini, yaya kuke gane ɗakin nan lafiya yake?"

"Ai muna da ƙa'ida. Mutum ya shiga ya tsaya minti biyu yana shaƙa. In wari ya ɗauke, iska ta fita, sai a sauka. In bai ɗauke ba, a jira."

"Na'urar gwaji fa?"

Ya sosa ƙeya. "Kuka take ba dalili, har a ranar da babu wari. Tana cikin durowa."

Ta wuce shi ta nufi ɗakin.

A bakin ƙofa warin ya doke ta har ta ja baya. Ta daure ta shiga. Taku huɗu, biyar, sai ya ɗauke ɗif, kamar an rufe masa ƙofa. Idonta kuwa ya fara yaji, maƙogwaronta yana ƙaiƙayi. Ta dubi bango, ta dubi taga. A gonar shanu, da rana tsaka, babu ƙuda ko ɗaya a ɗakin. Suna ƙasa, matattu, zube a bakin ramin.

Auta ya ɗaure igiya a ƙugu, ƙafarsa ɗaya a kan tsani.

"Mama! Me ya kawo ki nan?"

"Fito."

"Haba Mama, a gaban mutane? Minti goma ne. Ke ma kin ji ai, babu wari."

Ta san halinsa, gardama ba ta fito da shi. Ta dafa bango, kuma ba duka ne ƙarya ba.

"Jiri nake ji. Zo ka riƙe ni."

Ya cire ƙafa daga tsanin, ya kwance igiyar ya yar, ya tallabo ta waje. Aka kifa mata bokiti ta zauna a inda iska ke kaɗawa. Manaja ya kawo ruwa yana duban agogo.

"Sannu Malama, tsufa ne. Amma taraktoci shida na tsaye, dole wani ya sauka kafin rana ta faɗi." Ya ɗaga wa wani bakanike hannu. Bakanike ya ajiye sifana ya nufi ɗakin.

"Tsaya, ɗan nan," ta ce, murya a dishe. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Kusa da bokitin akwai ɗanyen kashin saniya, har yana tururi. Malama ta sa hannu ta ɗebo, ta miƙa shi gab da hancin Auta.

"Shaƙa."

"Mama, don Allah..."

"Na ce shaƙa."

Ma'aikata suka fara dariya. Auta ya shaƙa. Ya sake shaƙa da ƙarfi. Ya ɗago ya dubi uwarsa, jajayen idanunsa suna zubar da ruwa.

"Ba na jin komai."

Dariyar ta mutu. Malama ta goge hannunta a ciyawa.

"Ni ma ba na ji," ta ce. "Iskar ba ta fita ba. In ta yi yawa, hanci take fara kashewa. A ƙasan ramin kuma ta fi haka yawa."