Babban Yatsan Doña Petronila

"Sake ɗorawa, Señora," in ji yarinyar da ke bayan kanta a shagon kamfanin waya. "Kar ki danna da ƙarfi. A hankali."

Doña Petronila ta sake ɗora babban yatsanta a kan ɗan gilashin na'urar. Fitilar ta kawo ja. Ta goge yatsan a jikin siket ɗinta, ta hura masa iska, ta mayar. Ja. Aka gwada manuniya, aka gwada na tsakiya, aka koma hannun hagu, har ɗan ƙaramin yatsa sai da aka wahalar da shi.

"Abin nan naku ya lalace," ta ce.

"Lafiyarsa ƙalau, Señora. Yatsunki ne babu zane."

"Babu zane? To na wa na aro na zo da su?"

Mutanen da ke layi a bayanmu suka yi dariya. Ni ina tsaye riƙe da hularta da jakarta. Ni na kawo ta garin Sechura a kekena mai ƙafa uku da nake haya da shi, domin bango ɗaya ne ya raba gidanmu da nata, bangon kara da laka, wanda idan ta yi tari muna ji.

Yarinyar ba ta da laifi. Ta yi mana bayani cikin ladabi: ba a ba da sabon sim mai tsohuwar lamba sai ga mai layin, kuma sai na'ura ta gane yatsansa. Idan ta ƙi ganewa, sai a je birnin Piura a nemo takarda, a dawo a yi ta jira. Kuma layin da ya daɗe a kashe, kamfani yakan ba wani.

"Ko in ba ki sabuwar lamba yanzu-yanzu?"

"Ba sabuwa na zo nema ba, 'yata. Tawa nake so."

Wayar ta faɗa teku ne ranar bikin San Pedro, lokacin da aka fita da mutum-mutumin wannan waliyyi na masunta a jirgi. Doña Petronila ta miƙe za ta ɗauki hotonsa, igiyar ruwa ta ɗaga jirgin, wayar ta suɓuce. Ihun da ta yi ya danne na masu busa. Duk hotunanta suna ciki, har da na marigayi mijinta Don Nicanor, kuma babu wanda ya san kalmar sirrin da za a dawo da su, don yaron da ya shirya mata wayar ya daɗe da barin gari. Hotunan ba su dame ta sosai ba. "Fuskar Nicanor na kalle ta har na ƙoshi," ta ce min a hanya. Lambar ce ta hana ta sukuni.

'Yarta ɗaya ce, Yovana. Ina ƙarami suka yi wani faɗa wanda har yau ba wanda ya san tushensa. Mu dai mun ji ƙarar kwanoni ta bango, da safe aka ce Yovana ta tafi Chile. Tun daga nan ba ta dawo ba. Takan kira dai, bayan watanni, da ɓoyayyiyar lamba. "Kina lafiya?" "Lafiya." "To." Ta kashe. Uwar ba ta san garin da take ba, ba ta san inda za ta neme ta ba. Lambar nan ce kaɗai hanyar da ta rage a tsakaninsu, kuma daga can kawai ake iya biyo ta. Idan aka ba wani, wata rana Yovana za ta kira ta ji muryar baƙo, ta ɗauka uwarta ta canza layi don kar a same ta.

Gishiri ne ya cinye mata yatsu. Tun kafin a haife ni take zaune a gaban kwamin katako a ƙofar gidanta, tana tsaga kifi tana cusa masa gishiri, tana jerawa. Tafin hannunta ya yi sumul kamar cikin kwano.

Da muka dawo unguwa, Doña Asunciona mai sayar da chicha, giyar masara, wadda farar tutarta ta alamar akwai ba ta sauka daga ƙofa, ta kama hannun ta duba shi a rana kamar mai sayen kaza.

"Zanen bai mutu ba, kwanciya ya yi," ta ce. "Ki bar taɓa gishiri, mu riƙa shafa miki mai, zai tsiro."

"In bar taɓa gishiri in ci me? Ke?"

"Ni na yi miki tauri, tsohuwar banza. Aikin naki mu za mu yi."

Haka kuwa aka yi. Matan layinmu suka raba kwamin a tsakaninsu, wata da safe, wata bayan ta sauke tukunya. Ni nake ɗauko kifin daga bakin ruwa, in kai wanda ya yi kasuwa. Doña Petronila kuwa aka zaunar da ita a kujera, aka shafe mata hannu da man girki, aka zura mata safar ƙwallon ƙanena a kowane hannu, ɗaya ja ɗaya shuɗiya. Ban taɓa ganin mutumin da hutu ya wahalar kamarta ba.

"Asunciona, wannan gishiri kike sawa ko albarka kike sa masa? Cusa har cikin ƙashi!"

"Ki yi shiru ki yi kiwon yatsunki."

"Kifin nan idan ya ruɓe sunana zai ɓaci, ba naki ba. Naki ya daɗe da ɓaci."

Wata rana da azahar na dawo cin abinci, layin ya yi tsit, kowa ya shige inuwa. Na tarar da ita durƙushe a gaban kwamin, safar tana rataye a kafaɗarta.

"Mamita!" na ce. Haka muke kiranta a layin, wato Inna.

"Dubawa kawai nake yi, Beto."

"Da hannu ake dubawa?"

Ta kalli hannun, ta kalle ni, kamar yarinyar da aka kama da cokali a tukunyar madara. "Ƙaiƙayi suke min," ta ce. "Kar ka gaya wa waccan." Na wanke mata su da ruwan randa, na mayar da safar. Ban gaya wa kowa ba, amma da muka koma Sechura a karo na biyu fitilar ta sake kawo ja.

Bayan nan ne ciwon ya fito fili. Ashe ta daɗe tana ɓoye shi. Ta fara barin abinci a kwano, ta fara riƙe ciki idan za ta tashi. Ni da Doña Asunciona muka kai ta asibiti, suka duba, suka kira Doña Asunciona gefe suka yi mata magana, suka ba mu magani suka ce mu koma gida. Daga nan ta kwanta. Ba wanda ya ƙara yi mata faɗan gishiri, don ko ƙofar ba ta iya kaiwa. Idan na shigo gaishe ta, tambayarta ɗaya ce.

"Sun ba wani?"

Sai in kira lambar a wayata in sa mata a kunne ta ji ana cewa a kashe take. Ta lumshe ido. "To, tana nan."

Doña Asunciona ba ta daina shafa man ba, ko da yake ina jin ta daina sa rai, ta mayar da shi hanyar riƙe hannun ƙawarta ne kawai. Wata ranar Talata da hantsi ina wanke keke na ji ta ƙwala min kira.

"Beto! Zo da idanunka na yara ka duba min."

Na ɗaga babban yatsan zuwa hasken taga. Hannun ya rame, ya yi fari, ya yi laushi kamar ba nata ba. A kan yatsan kuwa ga zane nan, sirara-sirara, suna zagaye kamar sawun da ruwa ke bari a yashi.

Doña Petronila ta daɗe tana kallonsa. "Ashe sai mutum ya daina amfani injin nasu ke gane shi," ta ce. "Ɗauko min hulata."

Muka jera matasai a bayan keken, Doña Asunciona ta zauna ta tallafe ta. Na tuƙa a hankali yadda ban taɓa yi ba, ina kauce wa kowane rami, abokan aikina suna wuce ni suna danna oda. "Beto, ƙwai ka ɗauko?" Ban kula su ba. A ƙofar shagon na ɗauke ta a hannu na shiga da ita, ba ta fi nauyin busasshiyar koma ba. Mutanen layi suka matsa da kansu. Yarinyar nan ta gane mu, ta jawo na'urar har bakin kanta, ta riƙe yatsan da hannunta ta ɗora.

Fitilar ta kawo kore.

Yarinyar ta tafa kafin ta tuna a wurin aiki take. Doña Asunciona ta yi alamar gicciye. Ita kuwa mai yatsan cewa ta yi, "Na gaya muku nawa ne."

Na sa sim ɗin a tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi, yarinyar ta taimaka muka buɗe manhajar saƙo da lambar. Hotuna ba su dawo ba, ko ɗaya. Amma kafin mu fita daga shagon wayar ta fara kuka, saƙo na bin saƙo, duk daga lamba ɗaya ta ƙasar waje, a fili, ba a ɓoye ba. Na taɓa na ƙarshen, sai muryar Yovana ta fito.

"Mamita, ni ce. Na kira, na kira, kullum a kashe. Me ya same ki? Wannan ce lambata, tawa ta kaina. Ki kira ni don Allah. Ko zagina ne ki kira ki yi."

Doña Petronila ta karɓi wayar ta manna a kunne. Har muka iso gida tana cewa, "Sake sa min."

Na ɗauka tana shiga za ta ce in kira. A'a. Sai da ta sa Doña Asunciona ta taje mata gashi ta kitse shi gida biyu, ta ciro 'yan kunnenta na zinariya da take sawa ranar biki.

"Ai ba ganinki za ta yi ba," in ji Doña Asunciona.

"Za ta ji."

Na danna lambar, na ba ta, muka fita. Ban yi niyyar saurare ba, amma muryarta ta biyo mu har tsakar gida. Sai na ji ta ce, "Kina cin abinci kuwa?" Can kuma na ji tana faɗa, "Ƙarya kike yi, ba ni na fara jifa ba." Sai dariya, irin wadda ban ji daga gidan ba tun ina yaro, dariyar da ta ƙare da tari.

Washegari Yovana ta hau mota. Tafiyar kwanaki ce daga inda take. Duk inda motar ta tsaya sai ta kira, ni kuma in riƙe wayar a kunnen uwar, don hannunta ya daina ɗagawa. Ta tsallaka iyaka. Ta wuce Tacna. Ta iso Lima, ta canza mota. Doña Petronila ta daina amsawa da baki sosai, sai dai ta riƙa maimaita sunan garin a hankali, kamar tana ɗanɗana shi. Da aka ce Chimbote ta buɗe ido ta ce, "Garin wari. Ta toshe hanci." Maganarta ta ƙarshe da na ji ke nan.

Ta cika da safe, rana ta riga ta hau, masunta suna shigowa da kamun farko. Doña Asunciona ce ta rufe mata ido. Ta juyo ta kama ni a kafaɗa.

"Wanda ke kan hanya ba a gaya masa. Ka ji ni? A bar ta ta iso da ƙafafunta."

Wayar ta yi kuka kafin azahar. Na fita bayan gida na ɗauka.

"Beto, mun bar Chiclayo. Ba ni ita."

"Ta samu barci," na ce.

Ina jin ƙugin motar da kukan wani jariri a kusa da ita.

"To," ta ce. "Kar ka tashe ta."

Da la'asar na je tasha na jira. Ban san yadda zan gane ta ba, amma tana saukowa na gane, tafiyar uwarta ce, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Jaka ƙarama ce a bayanta, a hannunta kuma sabon bargo mai kauri, cikin ledarsa, irin wanda mu nan ba ma buƙata sai ga mara lafiya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na yi tsawo. Ta shiga keken ta ɗora bargon a cinya. Ba ta tambaye ni labarin uwarta ba. Ta yi ta kallon gidajen da aka gina bayan tafiyarta.

Da muka karyo kwanar layinmu, an riga an kafa rumfar makoki a tsakiyar hanya, an jera fararen kujerun roba har ƙofar gidan, mata cikin baƙaƙen kaya suna raba kofi.

"Tsaya nan," ta ce.

Na tsaya. Ta sauka, bargon yana rungume a ƙirjinta. Iskar teku ta kayar da wata kujera a layin ƙarshe. Yovana ta sunkuya ta tayar da ita, ta daidaita ta da sauran, ta share yashin da ke kanta da tafin hannu, sannan ta zauna.