Kujerar Da Ta Maƙale

A yi mini afuwa, wannan ne labarina na farko.

Ranar da Anti Nas ta je sayen mota ta hannu, yayyenta biyu suka biyo ta, wai kada a cuce ta. Ta san halinsu sarai, babur ɗinta ma da aro suka kashe shi.

Babban Yaya ya daki tayar wata farar mota da ƙafa, iyakar iliminsa ke nan. Ƙaramin ya buɗe but ɗin bayan motar yana lissafin buhunan takinsa.

"Wannan ta yi mana," in ji shi.

Mana! Anti ta taɓe baki.

Babban Yaya ya cusa kansa ciki, tumbinsa ya tokare sitiyari.

"Kai dillali, ja kujerar nan baya!"

"Ranka ya daɗe, ta maƙale. Sai mutum marar teɓa."

"Tarkacen banza! Mu duba waccan."

Yayyen suna can suna musu, Anti ta shiga farar motar ta zauna, ta ji kujerar daidai ita.

"Ita nake so," ta raɗa wa dillali. "Kada ka kuskura ka gyara."

Ta biya, ta karɓi makulli, ta sulale da motarta babu wanda ya waiwayo.